Kujerar darakta ga mai tsara dabarun kamfani: ta wace ƙofa ya kamata ka shiga?

Idan aikinka shi ne tsara dabarun babban kamfani, wato kai ake kira idan za a sayi wani kamfani ko a kutsa sabuwar kasuwa ko a rufe sashen da ya daina kawo riba, to akwai ranar da za ka fara hangen kujerar kwamitin daraktoci, kuma gaskiya ka cancanci hangen. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne shirun da ke biyo baya. Kana shiga ɗakin mitin ɗin daraktocin kamfaninku kana musu bayani, sun san ka, suna gyaɗa kai suna yaba maka, amma duk kujerar da ta samu a wani kamfani sai ka ji an ba tsohon shugaban kamfani ko tsohon shugaban sashen kuɗi, kai ko intabiyu ba a kira ka ba.

Dalilin a fili yake idan ka sa kanka a matsayin masu zaɓen. Kwamitin da ke tantance sabbin daraktoci tambaya ɗaya ce ke musu yawo a ka, me mutumin nan ya taɓa ɗauka a wuyansa? Mai tsara dabaru a idonsu mai ba da shawara ne, ya zana hanya, wani ya bi ta da kuɗin kamfani, in an ci riba a yaba wa kowa in an yi asara wani daban ake titsiyewa. Sannan a Amurka tun dokar Sarbanes-Oxley ta 2002 dole kamfanin da ke kasuwar hannun jari ya bayyana ko yana da ƙwararre kan harkar kuɗi a kwamitin odit, in babu ya faɗi dalili, wannan kaɗai ya buɗe wa akantoci da shugabannin kuɗi ƙofar da kai ba ka da irinta. Je ka duba jadawalin ƙwarewa da kamfanoni da yawa ke bugawa kafin taron masu hannun jari na shekara, layin da aka rubuta dabaru kusan kowane darakta an yi masa alama a wurin, kaga kenan abin da kake tinƙaho da shi su gani suke suna da shi har ya musu yawa. Shi ya sa ni duk hanyar da za ka bi, abin da na fi damuwa da shi shi ne ko za ta ba ka hujjar cewa ka taɓa jefa ƙuri'a kan hukuncin da doka za ta iya tambayarka a kansa.

Abubuwan da zan auna kowace hanya da su

Na farko kuɗi, ta fuska biyu, abin da zai fita daga aljihunka da abin da zai shigo, har da lokaci tunda lokacin babban ma'aikaci kuɗi ne. Na biyu ɗorewa, kujerar za ta daɗe ko kuwa rana ɗaya za a ce maka an gode, kuma ko bayan ta tafi za ta haifar maka da wata. Na uku sauƙin shiga, wa ka sani, wa ya san ka, shekara nawa za ka jira. Na huɗu haɗari. Na biyar hujjar da na ambata a sama.

Haɗarin nan bari in ɗan tsaya a kansa don mutane na ɗaukar darakta mara zartarwa, wato wanda ba ya cikin gudanar da kamfanin yau da kullum, kamar wani babban baƙo ne da ke zuwa mitin ya karɓi alawus ya tafi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bayan rushewar kamfanin makamashi na Amurka Enron a 2001, tsofaffin daraktoci goma sun biya dala miliyan 13 daga aljihunsu a sulhun da aka yi a 2005. Daraktocin Boeing sun sha ƙarar masu hannun jari kan sakaci da sa ido a lafiyar jirgin 737 MAX, aka sasanta a 2021 kan dala miliyan 237.5, kamfanonin inshora ne suka biya amma sunayen mutanen ne suka yi ta yawo a jaridu. A Birtaniya bayan kamfanin gine-gine Carillion ya durƙushe a Janairun 2018 gwamnati ta nemi kotu ta haramta wa daraktocinsa riƙe muƙami, har da marasa zartarwa, sai a 2023 aka janye ƙarar da ake wa waɗannan, shekaru suna rayuwa da wuƙa a wuya, kuma dokar can ta ba kotu damar haramta wa mutum zama darakta har shekara 15. Ba ina faɗa don in tsorata ka ba ne, yawancin daraktoci suna gama wa'adinsu lafiya lau, amma duk wanda bai tambayi takardar inshorar daraktoci ba kafin ya sa hannu ya yi ganganci.

Kujera a reshen kamfaninku ko a kamfanin haɗin gwiwa

Wannan ita ce hanyar da na fi so kuma ita aka fi rainawa, ƙila don tana kusa da gida ne. Duk babban rukunin kamfanoni yana da rassa masu rajistar kansu, kowanne doka ta ce sai da daraktoci, kuma idan an yi haɗin gwiwa da wani kamfani yarjejeniyar masu hannun jari takan ba kowane ɓangare damar naɗa wakilansa. Wa ya zauna teburin cinikin haɗin gwiwar tun farko? Kai ne ai. Amma da an sa hannu sai ka koma ofis ka kama wani aiki, kujerar a ba lauyan kamfani ko wani daga sashen kuɗi saboda ba wanda ya nema. Ka je wurin sakataren kamfani, shi ke riƙe da jerin rassan da sunayen daraktocinsu da ranar da wa'adin kowa zai ƙare, sannan ka faɗa wa shugabanka kai tsaye cewa kana so.

Kuɗi babu abin da za ka kashe, kuma kada ka sa rai da samu, yawanci ba a biyan ma'aikacin cikin gida, in ma an biya kuɗin yakan wuce asusun uwar kamfani ne. Sauƙin shiga ba wadda ta kai ta, mutum ɗaya ko biyu za ka shawo kansu kuma sun riga sun san aikinka. Ɗorewa kuwa nan ne rauninta, ranar da ka ajiye aiki ranar kujerar ta tafi, sai dai abin da ka koya da mutanen da suka zauna da kai suna nan.

Ga inda amfaninta yake. Ka ɗauka kuna zaune, takarda ta zo cewa reshen ya tura wa uwar kamfani ribar bana gaba ɗaya, ka san shugabanka ne ke son kuɗin don lissafin ƙarshen shekara ya yi kyau, mai kula da kuɗin reshen kuma yana zaune a gefe ya sunkuyar da kai yana cewa a hankali akwai bashin banki da zai cika nan da wata huɗu kuma manyan kwastomomi biyu ba su biya ba. Wakilin abokan haɗin gwiwa ya zuba maka ido yana jiran ya ga na wa kake. A doka nauyin da ke kanka na wannan reshen ne, dokar kamfanoni ta Birtaniya ta 2006 misali sashe na 172 da na 173 sun ɗora wa darakta ya yi aiki don nasarar kamfanin da yake wa darakta kuma ya yanke hukunci da kansa, ƙasashe da yawa ma haka tsarinsu yake. Ranar da ka ce a jinkirta rabon ribar sannan ka koma ka yi wa mai biyanka albashi bayani, ranar ka samu labarin da za ka ba kwamitin zaɓe, kuma ya fi duk wani tsarin shekara biyar da ka taɓa zanawa nauyi a kunnensu.

Haɗarin matsakaici ne, galibi inshorar uwar kamfani tana rufe rassa amma ka sa a nuna maka a rubuce, musamman na haɗin gwiwa da kamfaninku bai mallaki rinjaye ba. Gargaɗi ɗaya, akwai rassan da a takarda kawai suke, ba ma'aikata ba mitin, sai a kawo maka takarda ka sa hannu, wannan nauyin doka ne ba tare da wani ilimi ba kuma masu tantancewa sun san bambancin. Nemi wanda ke da ma'aikatansa da oditocin waje da aƙalla darakta ɗaya da ba ɗan gida ba.

Kwamitin amintattu na ƙungiya mara neman riba

Gidauniya, jami'a, asibiti, ƙungiyar agaji. Ita ce shawarar da kowa ke fara ba ka kuma ba ƙarya ba ce, sai dai an cika kambama ta. Shiga da sauƙi musamman ƙanana da matsakaita don kullum suna neman mai ilimin tsare-tsare, kuɗi kuma babu, a Birtaniya ƙa'ida ita ce amintattun ƙungiyoyin agaji ba a biyansu, a Amurka manyan ƙungiyoyi ma kai za su sa ran ka ba da gudummawa ko ka nemo masu bayarwa. Wa'adi yakan zama shekara uku ana sabuntawa, kuma bai rataya ga aikinka ba, don haka ta fi ta reshe ɗorewa.

Matsalar ita ce girma. Ƙungiyar da kasafinta bai kai na ƙaramin sashe a kamfaninku ba, zama a kwamitinta aikin lada ne mai kyau amma ba zai motsa ciyaman na kamfanin kasuwar hannun jari ba. Wadda ke da ɗaruruwan ma'aikata da gine-gine da bashi da oditocin waje, wannan kam makaranta ce, kuma idan ka shiga dan Allah kada ka bari a tura ka kwamitin tsare-tsare tunda nan za su so kai ka, nemi kwamitin odit ko na kuɗi ko na naɗa shugaba, abin da CV ɗinka ya rasa kenan. Wani amfanin shi ne wanda ke zaune kusa da kai, a irin waɗannan kwamitoci akan samu mutanen da ke riƙe da kujeru a kamfanoni, shekara biyu suna kallon yadda kake tambaya da yadda kake saɓa wa ra'ayi ba tare da rigima ba, ba wani intabiyu da zai nuna musu haka.

Kada ka ɗauka babu haɗari don ba a biya. Ƙungiyar agajin yara ta Kids Company ta rushe a Landan a 2015, aka kai amintattunta kotu ana neman a haramta musu riƙe muƙami, sai a Fabrairun 2021 babbar kotu ta wanke su, mutanen da kyauta suke aikin. Kuma in ba ka damu da manufar ƙungiyar ba kada ka shiga, za a gane, kuma ka tare wa wanda ya damu wuri.

Kamfanin da ba ya kasuwar hannun jari

Nan kala uku ne kuma bai kamata a haɗa su a kwando ɗaya ba. Akwai kamfanin iyali da ya girma yana neman idon waje, akwai wanda masu sayen kamfanoni su gyara su sayar irin su KKR ko Blackstone ko CVC suka saya, akwai kuma sabon kamfani da ke rayuwa da kuɗin masu zuba jari.

Ga mai tsara dabaru na tsakiyan ya fi dacewa nesa ba kusa ba. Masu irin wannan jari sun sayi kamfanin ne da niyyar sayarwa nan da shekara huɗu zuwa bakwai, kullum maganarsu wane ƙaramin kamfani za mu haɗiye, wace kasuwa za mu shiga, wa zai saye mu a ƙarshe, yarenka kenan. Ba su damu da ko ka taɓa zama shugaban kamfani ba kamar yadda suka damu da ko ka san wannan masana'antar ciki da waje. Kwamitin ƙarami ne, ana haɗuwa akai-akai, ana kiran waya tsakanin mitin, aikin ya fi na kamfanin kasuwa shiga jiki. Biyan kuɗi tsaba bai kai na manyan kamfanonin kasuwa ba amma sau da yawa akan haɗa da hannun jari, wani lokaci ma a nemi ka zuba naka kuɗin tare da su, to wannan farashi ne da za ka yi lissafinsa da kyau don kuɗin zai kwanta har ranar sayarwa kuma zai iya tafiya baki ɗaya. Ɗorewa tana da iyaka sananniya, ranar da aka sayar sabon mai shi zai zo da mutanensa, sai dai in ka yi musu aiki mai kyau suna da wasu kamfanonin a hannu kuma sukan sake kiran wanda suka gwada. Haɗarin da za ka sa wa ido bashi ne, irin waɗannan kamfanoni galibi da bashi mai nauyi aka saye su, kuma darakta ya fi shiga matsalar doka a lokacin da kamfani ya doshi kasa biyan bashi amma aka ci gaba da kasuwanci kamar ba komai. Hanyar shiga kuwa ka riga ka san ta, bankunan zuba jari da lauyoyi da masu jarin da kuka yi ciniki da su a baya, su za ka koma wa.

Kamfanin iyali ya fi daɗewa, kana iya shekara goma, amma ka bincika ko ana son darakta ne da gaske ko kuwa ana neman wanda zai mara wa ɗan'uwa ɗaya baya a rigimar da ba ka san tushenta ba.

Sabon kamfani shi ya fi sauƙin samu kuma nan aka fi ruɗar mutane. Yawancin abin da za a maka tayi kujerar kwamitin masu ba da shawara ce, ba ƙuri'a ba nauyin doka, a ba ka ɗan hannun jari da galibi bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba kuma ƙila ba zai taɓa zama kuɗi ba. Ba laifi ba ne, amma ka lura, mutumin da matsalarsa ita ce ana masa kallon mai ba da shawara ya je ya ƙara wani muƙamin ba da shawara, me ya canza? In kuma kujerar darakta ce ta ainihi to ka buɗe ido sosai, Theranos, kamfanin gwajin jini na Amurka, ta taɓa samun tsofaffin sakatarorin harkokin wajen Amurka George Shultz da Henry Kissinger da Janar James Mattis a kwamitinta, manyan sunaye ba su hana abin da ya faru ba har aka samu wadda ta kafa ta, Elizabeth Holmes, da laifin zamba a 2022. Idan mai kamfani ba ya son a ga lissafi kuma sunanka kawai yake so a shafinsa, ka gode masa ka wuce.

Kai tsaye zuwa kamfanin kasuwar hannun jari ta hannun masu zaƙulo manya

Spencer Stuart, Egon Zehnder, Korn Ferry, Heidrick & Struggles, Russell Reynolds, su ne manyan da ake ba kwangilar nemo daraktoci. Abu na farko da za ka riƙe, kamfanin da ke neman darakta shi ke biyansu, kai ba kwastomansu ba ne, don haka ba aikinsu ba ne su nemo maka kujera, kuma duk wanda ya ce ka biya shi ya sama maka kujera ka yi taka-tsantsan da shi. Kuɗin shiga kenan babu, sai haƙuri. Samu kuwa nan ne mafi tsoka, a manyan kamfanoni 500 na Amurka matsakaicin abin da darakta ke samu a shekara ya haura dala dubu 300, kaso mai yawa a hannun jari, a Turai ya yi ƙasa da haka sosai. Lokacin da take ci ya kai kusan sa'o'i 250 a shekara idan lafiya ake, idan rikici ya taso ko ana cinikin sayar da kamfani sai abin da Allah ya yi. Takardun mitin ɗaruruwan shafuka za su sauko maka a kwamfuta kwana kaɗan kafin zama, kana da naka aikin na yau da kullum, ƙarshen makonka ya tafi kenan.

Ɗorewa mai kyau ce, mutane na yin shekara shida zuwa tara, a Birtaniya ƙa'idar tafiyar da kamfanoni tana ganin wanda ya wuce shekara tara 'yancin ra'ayinsa ya fara raunana, kuma duk shekara sai masu hannun jari sun sake zaɓenka. Sannan kujerar farko ita ce mai wuya, ta biyu takan zo da kanta.

Sauƙin shiga kuwa ita ce ta ƙarshe. Ciyaman yakan ba su bayanin wanda yake so dalla-dalla, su kawo dogon jeri a rage zuwa uku ko huɗu, kuma in ka ce musu ni ƙwararre ne kan dabaru ba su san akwatin da za su saka ka ba. Faɗa musu abu mai kaifi, na jagoranci sayen kamfanoni da haɗe su a harkar magunguna, ko na raba wani sashe daga uwar kamfani har ya tsaya da ƙafarsa, ko na shigar da kamfani kasuwar Asiya, abin da ciyaman zai ji ya ce yawwa wannan matsalar ce ke gabanmu. Takardar da za ka ba su shafi ɗaya ko biyu ce, daban da CV ɗin neman aiki, hukunce-hukuncen da ka tsaya a kansu za ta nuna da girman kuɗin da ke ciki. Kuma kada ka fara da ƙattai, ƙananan kamfanonin kasuwa da waɗanda ke shirin shiga kasuwa sun fi karɓar sabon hannu, don dole su cike kujerun daraktoci masu zaman kansu a lokaci guda. Ga mata akwai ƙarin dama ta gaske a Turai, dokar Tarayyar Turai ta 2022 ta sa wa manyan kamfanonin kasuwa burin kashi 40 na daraktoci marasa zartarwa ko kashi 33 na duka daraktoci su zama daga jinsin da ke da ƙarancin wakilci, zuwa ƙarshen Yunin 2026.

Akwai wata ƙofar gefe da zan ambata a gurguje, masu jari 'yan tada ƙayar baya da ke tsayar da nasu 'yan takara. A 2021 ƙaramin asusun Engine No. 1 ya ci kujeru uku a ExxonMobil, kuma ɗaya daga cikin ukun, Alexander Karsner, a lokacin babban mai tsara dabaru ne a sashen bincike na X na Alphabet, uwar kamfanin Google. Tana yiwuwa kenan, amma yaƙi ne a bainar jama'a, kamfanin zai tone tarihinka ya ce ba ka cancanta ba, kuma in kana aiki a wani kamfani da wuya shugabanka ya yarda.

Kwas da satifiket

Ƙungiyoyin daraktoci ne ke ba da su, Institute of Directors a Landan tun 1903 take, NACD a Amurka tun 1977, akwai AICD a Ostireliya da ICD a Kanada, makarantar kasuwanci ta INSEAD ma na da kwas na daraktoci. A wannan hanyar kai ke biya, dubban daloli, na manyan makarantun kasuwanci ya fi tsada, sai dai kamfanoni da yawa na biya wa manyan ma'aikatansu in sun tambaya. Shiga ba wuya, haɗari babu sai asarar kuɗin, ilimin kuma ba ya tsufa da wuri, za ka fahimci nauyin doka da aikin kowane kwamiti da bambancin sa ido da gudanarwa, wanda mai tsara dabaru ke matuƙar buƙata tunda ya saba shi ke kawo amsa, a kwamiti kuma tambaya ake so daga gare shi. Amma satifiket ba kujera ba ne, ba ciyaman ɗin da zai naɗa ka saboda shi kaɗai. Ka yi shi lokacin da ka riga ka hau kujerar reshe ko ta ƙungiya, a lokacin ne karatun ke kama jiki.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙin shiga | Haɗari | Ƙarfin hujja |
|---|---|---|---|---|---|
| Reshe ko haɗin gwiwa | Ba kashewa, ba samu | Tana tafiya da aikinka | Mafi sauƙi | Matsakaici | Mai ƙarfi in reshen na gaske ne |
| Ƙungiya mara neman riba | Ba biya, ƙila ka bayar | Shekara 3, ana sabuntawa | Da sauƙi | Kaɗan zuwa matsakaici | Ya danganta da girmanta |
| Kamfanin masu sayen kamfanoni | Matsakaicin biya da hannun jari | Har ranar sayarwa | Sai da sanayya | Babba in bashi ya yi nauyi | Mai ƙarfi sosai |
| Sabon kamfani, ba da shawara | Ɗan hannun jari | Ba tabbas | Da sauƙi | Sunanka ne a ciki | Rauni |
| Kamfanin kasuwar hannun jari | Mafi tsoka | Shekara 6 zuwa 9 | Mafi wuya | A idon duniya | Ita ce burin |
| Kwas | Kai ke biya | Ilimin na daɗewa | Kowa na iya yi | Kusan babu | Ƙari ne kawai |

Kafin ka amsa kowane tayi na waje, izinin kamfaninku na farko, yawancin kwantiragin manyan ma'aikata ya hana karɓar muƙamin waje ba tare da amincewa ba, kuma mai tsara dabaru ya fi kowa sanin sirrin kamfani don haka a kanka za a fi tsanantawa. Kamfanin da ke gogayya da naku ka manta da shi, a Amurka sashe na 8 na dokar Clayton ta 1914 ya haramta mutum ya zama darakta ko babban jami'i a manyan kamfanoni biyu masu gogayya, kuma a Oktoban 2022 daraktoci bakwai sun sauka daga kwamitocin kamfanoni biyar bayan ma'aikatar shari'a ta taso da maganar. Kada kuma ka tara da yawa, ƙa'idar Birtaniya ta ce darakta mai cikakken aikin zartarwa kada ya wuce kujerar waje ɗaya a kamfanonin FTSE 100, wato manyan kamfanoni ɗari na kasuwar hannun jarin Landan, kuma ISS da Glass Lewis masu ba masu jari shawarar ƙuri'a suna adawa da wanda ya ɗebo fiye da ƙarfinsa. In banki ne ko inshora sai hukumar da ke sa ido ta tantance ka ma tukunna.

To wa ya dace da wacce? In kana da sauran shekara biyar ko fiye a aiki kuma ba ka taɓa riƙe riba da asarar wani sashe ba, reshe ko haɗin gwiwa za ka nema cikin watannin nan, ka haɗa da kwas in kamfani zai biya, kuma in aka maka tayin jagorantar wani sashen kasuwanci ko ƙarami ne ka karɓa don wannan ya fi duka hanyoyin nan gyara maka tarihi. In kamfaninku ba shi da rassan kirki ko shugabanka ya ƙi, babbar ƙungiya mara neman riba, kwamitin odit. In ka yi cinikin sayen kamfanoni da yawa a masana'anta ɗaya kuma kana da ajiyar da za ka iya mantawa da ita na wasu shekaru, masu sayen kamfanoni su ne naka, ka fara da waɗanda kuka taɓa zama teburi ɗaya. In ritaya ta matso nan da shekara biyu kuma kana son kujeru biyu ko uku su zama sana'arka ta gaba, fara zama da masu zaƙulo manya tun kana kan muƙami, tunda da ka sauka sunanka ke fara sanyi a wurinsu, kuma ka nufi ƙananan kamfanonin kasuwa da masu shirin shiga. In kuwa abin da kake so shi ne kusanci da sabbin fasahohi da matasan da ke ƙirƙira, kujerar ba da shawara a sabon kamfani ta wadatar, sai dai a takardarka ka rubuta ta da sunanta na gaskiya, kada ka kira ta kujerar darakta.